An zuba ƙwayoyin bakteriya don cinye gubar TCE, amma binil kulorayid na ƙaruwa

Ka ce TCE, sinadarin wanke maiƙo da ke gurɓata ruwa, ya ragu a ruwan ƙarƙashin ƙasa, amma awo ya nuna binil kulorayid na hauhawa. Aikin ne ya tsaya a rabi, malam.

Ƙwayoyin suna cire sinadarin kulorin daga jikin TCE ɗaya bayan ɗaya: TCE mai kulorin uku ya koma DCE mai biyu, sannan binil kulorayid, ƙarshe etilin marar illa. Ƙwayoyi da yawa suna iya matakin farko, amma nau'in da ake kira Dehalococcoides ne ya fi ƙarasawa, shi kuwa ba ya shiri da oksijin ko kaɗan. Fara auna pH, wato ma'aunin tsamin ruwan. Man girki ko laktet da ake turawa cikin rijiyoyi a matsayin abincinsu yana ruɓewa ya saki asid, kuma in pH ya sauka ƙasa da 6, sai su yi sanyi. Bikabonet ke gyara wannan. Wani kuskuren da ake yi shi ne ƙara abinci barkatai, ya ƙara tsami, ya toshe rijiya.

A yi gwajin DNA a nemi vcrA ko bvcA, alamomin gado da ke nuna akwai ƙwayoyin da ke iya cinye binil kulorayid. In babu, sai an shigo da ƙwayoyin da ke ɗauke da su daga waje.

Binil kulorayid yana jawo sankarar hanta, kuma tururinsa na ratsa daɓe ya shiga ɗaki. In akwai gini a kai, injiniyan muhalli ya auna iskar ciki tun yanzu.