Amsa ga ɗan uwan da ya yi tambaya kan karɓa-karɓar 'yan wasa kafin wasannin rukuni

Salam ɗan uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, cewa ƙungiyar jami'ar da kake bi a ƙwallon kwandon Amurka tana ta cin wasa tun farkon Nuwamba, koci yana saka mutum goma har sha ɗaya kusan kullum, kuma kana so ka san ko wannan yawan alheri ne, sannan ta yaya mutum zai gane su wa za su rage a fili idan an shiga wasannin rukuni, wato lokacin da makarantun da aka haɗa a rukuni ɗaya suke karawa da junansu. Na ga wasu sun ce maka ka duba matsakaicin mintin kowane ɗan wasa shikenan. Ni gaskiya ban gamsu da wannan amsar ba, ka yi haƙuri bayanina zai ɗan yi tsawo.

Lokacin da nake karatu a can na yi kaka biyu ina taimaka wa ƙungiyar makarantarmu, ƙaramar makaranta ce, aikina in zauna gefen fili da takarda ina rubuta wa ya shiga wa ya fita da kuma a wane minti, bayan wasa in miƙa wa mataimakin koci. To a wannan zaman ne na gane cewa takardar sakamako ta watan Nuwamba tana ruɗar mutum sosai. Manyan makarantu biyan ƙananan makarantu kuɗi suke yi su zo gidansu a buga, kafin hutun rabin lokaci an ba su ratar maki ashirin, to me zai hana koci ya saki kowa da kowa ya ɗan taɓa ƙwallo? Yaron da ka gani da minti goma sha huɗu, idan ka bi diddigi za ka tarar tara daga ciki ya same su ne bayan wasa ya riga ya mutu. Wannan mintin ba ya gaya maka komai game da Janairu, lokacin wasannin rukuni.

Ka fara da lissafi mai sauƙi. Wasan maza na jami'a minti 40 ne, rabi biyu na minti 20, mutum biyar a fili, kenan minti 200 ne kacal ake rabawa. Idan manyan 'yan wasanka uku suka koma cin minti 32 kowannensu, wanda haka ake yi idan wasa ya yi zafi, 96 sun tafi. Sauran biyun da ake farawa da su ka ba su 26, an kai 148. Saura 52 na benci gaba ɗaya, kuma mutum uku sun isa su cinye su tas. Ina wurin na tara da na goma da na sha ɗaya? Babu. Shi ya sa kusan kowace ƙungiya take tsukewa zuwa mutum bakwai ko takwas, wani lokaci tara, da zarar an shiga rukuni. Don haka tsukewa kam za a tsuke, abin da kake nema shi ne wa za a bari a benci.

Abin da nake yi ni, sai in ware wasannin da aka sha wuya kawai, ko da uku ne ko biyu, irin gasannin da ake yi a makon bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba, ko wasan da aka je gidan wata babbar makaranta. In tsallake komai in je minti biyar na ƙarshe lokacin da ratar ba ta wuce maki biyar ko shida ba, in rubuta mutum biyar ɗin da ke fili. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, duk abin da koci yake faɗa wa 'yan jarida na cewa yana da mutum goma da duk za su iya farawa, a wannan mintin za ka ga waɗanda zuciyarsa ta kwanta da su. Sau da yawa ma za ka ga wani da ake farawa da shi yana zaune, wani ɗan benci ne yake rufe wasan. Wanda yake rufewa shi ne na gaske. Ka kuma lura da wanda ake cirewa idan fawul ɗin abokan hamayya ya kai bakwai an fara jifa daga layi, wanda hannunsa ba ya shiga daga layin nan koci ba zai bar shi a fili a ƙarshen wasa ba komai tsayinsa.

Sai maganar fawul, wadda ita ce mutane suka fi mantawa da ita. A jami'a fawul biyar ne ake fitar da mutum, ba shida ba kamar gasar ƙwararru ta NBA, kuma yawancin kociyoyi da zarar ɗan wasa ya yi na biyu a rabin farko sai su zaunar da shi har hutu. To ka tambayi kanka, idan dogonku ya yi fawul biyu a minti shida na farko, wa zai riƙe ƙarƙashin kwando na minti goma sha huɗu? Idan mai raba ƙwallonku ne fa, wa zai hauro da ita idan aka matsa masa tun daga can baya? Waɗannan gurabe biyu su nake fara dubawa a benci. Ƙungiya tana iya samun 'yan gefe biyar masu kyau a benci amma ba ta da dogo na biyu, wannan a takarda benci ne cike, a fili kuwa rami ne.

Bari in ba ka misalin da na bi tun daga farko har ƙarshe, UConn, wato Jami'ar Connecticut, ta kakar 2022 zuwa 2023 ƙarƙashin koci Dan Hurley. Sun ci wasa 14 na farko a jere, sun ɗauki kofin gasar Portland inda suka doke Oregon da Alabama da Iowa State, har suka kai na biyu a jerin ƙasar. Kowa yana cewa bencinsu ya fi na kowa, kuma akwai gaskiya a ciki, musamman a gurbin dogo. Adama Sanogo ɗan Mali shi ake farawa da shi, idan ya fita sai Donovan Clingan, ɗan shekarar farko mai tsayin ƙafa bakwai da inci biyu ya shigo ya yi wajen minti goma sha uku, kusan ba a haɗa su a fili lokaci ɗaya, kenan duk minti 40 ɗin akwai dogo mai ƙarfi da bai gaji ba. Wannan shi ne benci mai amfani, kowa ya san gurbinsa.

Amma me ya faru? Ranar 31 ga Disamba suka je gidan Xavier aka doke su, daga nan suka sha kashi shida cikin wasa takwas. 'Yan wasan dai su ne, ba wanda ya gudu. Abin da ya canza shi ne abokan karawa. A rukuninsu na Big East makarantu 11 ne, kowa yana haɗuwa da kowa sau biyu, gida da waje, wasa 20, kociyoyin nan sun san juna kamar yunwar cikinsu kuma suna da bidiyon wata biyu a hannu. Sai suka lura Andre Jackson, wanda shi ne ƙashin bayan tsaronsu da raba ƙwallonsu, ba a tsoron jifansa daga nesa, sai suka daina binsa, mai tsaronsa ya koma ya tsaya a tsakiya yana cushe wa Sanogo hanya. Wallahi a lokacin mutane da yawa cewa suke a zaunar da yaron. Hurley bai zaunar da shi ba, wurin tsayuwarsa ya canza, ya daina barinsa can waje yana jiran ƙwallo, ya matso da shi kusa da kwando yana yanka yana kare wa mai tsaron abokin wasansa Jordan Hawkins hanya. Daga Fabrairu suka miƙe, a gasar ƙasa suka ci wasa shida duk da ratar da ta haura maki goma, suka doke San Diego State 76 da 59 a wasan ƙarshe. Sanogo aka zaɓa gwarzon gasar, kuma yana azumin Ramadan ya buga wasannin ƙarshen, abin da har yau idan na tuna yana burge ni.

Abin da nake so ka ɗauka a nan, a cikin mutum biyar ɗin da ke rufe muku wasa ka nemo wanda za a iya ƙyalewa ba a tsare shi ba, da wanda za a riƙa nema ana kai masa hari idan ku ke tsaro. Ƙananan makarantun Nuwamba ba su da ƙarfin da za su tona wannan, 'yan rukuni kuwa daga shi za su fara. Idan mutum biyu ne a cikin biyar ɗin ba sa jifa daga nesa, ka shirya ganin canji a jerin masu farawa kafin Janairu ta ƙare.

Na taɓa ganin haka da idona a makarantarmu. Akwai wani yaro ɗan shekarar farko, hannunsa kamar an ɗora masa, a Nuwamba yana shigowa yana zuba na maki uku ɗalibai suna ihun sunansa. Muna shiga rukuni sai mintinsa ya yi ta raguwa har ya koma ba ya tashi daga benci. Abin ya dame ni sosai don ina son yaron, na tambayi mataimakin koci. Bai ce min komai ba, ya zaunar da ni ya kunna bidiyo, sau huɗu a jere ana kare wa yaron hanya yana bi ta baya maimakon ya bi ta gaba, ana jefa musu a buɗe. Ya ce min a takardarka ka rubuta ya ci shida, ba ka rubuta ya ba da tara ba. Tun ranar na koma kallon ɗan benci lokacin da ƙwallo ba ta hannun ƙungiyarsa, yana magana da abokansa? Yana komawa gida da gudu? Koci yana yafe wa sabon yaro ya jefa bai shiga ba, amma ya ɓata a tsaro sau biyu sai ka ji ƙaho an kira canji.

Kada kuma ka ɗauka wanda aka ajiye ya ƙare. Duke ta 2015 misali ce. Semi Ojeleye ya bar makarantar a Disamba, aka sallami Rasheed Sulaimon a ƙarshen Janairu, suka rage mutum takwas masu tallafin karatu. Grayson Allen kusan duk kakar yana benci, wasu wasannin 'yan mintoci kawai yake samu. A wasan ƙarshe da Wisconsin, Jahlil Okafor da Justise Winslow suka shiga matsalar fawul, ana bin Duke maki tara a rabi na biyu, Allen ya shigo ya ci 16 suka ɗauki kofi 68 da 63. Mutum na takwas ɗin nan ba kullum ake buƙatarsa ba amma dole ya kasance wanda ba zai ruɗe ba.

Za ka ji masu kawo Kentucky ta 2015 ɗin a matsayin hujjar cewa mutum goma yana yiwuwa, lokacin da kocinsu John Calipari yake cire biyar ya zuba biyar gaba ɗaya. Eh an yi, amma ka duba su wa ke ciki, Karl-Anthony Towns da aka ɗauka na farko a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 2015 wajen minti 21 kawai yake bugawa, Devin Booker daga benci yake tasowa. Makaranta nawa ke da irin wannan? Kuma ko su ɗin, da Alex Poythress ya ji ciwon gwiwa a Disamba tsarin ya fara sassautawa, a wasannin da suka yi tsauri Calipari waɗanda ya fi yarda da su yake bari. Sun ci 38 a jere kafin Wisconsin ta tsayar da su.

Wani abu kuma na zamanin nan, tunda aka sauƙaƙa sauya makaranta a 2021 ƙungiyoyi da yawa rabin 'yan wasansu sababbi ne kowace shekara, shi kansa kocin a Nuwamba gwaji yake yi, yana kuma lallaɓa wasu don kada su tattara kayansu. Shi ya sa wasa biyu ko uku na ƙarshen Disamba, bayan hutun jarrabawa da aka samu kwanaki ana atisaye, sun fi min duk na farkon kaka muhimmanci. Canjin da koci ya daɗe yana saƙawa a nan yake fitowa. Ka lura da wanda yake fara tashi daga benci wajen tsayawar talla ta farko, idan agogo ya sauko ƙasa da minti 16, in mutum ɗaya ne wasa uku a jere to ya samu gurbi. Wanda kuwa yau ya shiga a minti na biyar, jibi sai rabi na biyu, har yanzu ba a yanke hukunci a kansa ba. Idan kana da halin biyan shafin ƙididdiga na KenPom yana nuna kason mintin benci da jerin mutum biyar da aka fi haɗawa a wasannin baya-bayan nan, yana taimakawa, ko da yake bai kai ka gani da idonka ba.

Na san in kana gida Najeriya ko Nijar wasan ƙarfe bakwai na yammacin gabashin Amurka ƙarfe ɗayan dare ne a wurinmu, ba kowa zai iya ba ga aiki da safe. Ba sai ka kalla kai tsaye ba. Shafin ESPN da na makarantun suna saka bayanin wasa daki-daki, a na makarantun ma sau da yawa har da shiga da fitar kowa, ka ɗauki biro ka bi minti biyar na ƙarshen wasanninku masu wuya da kuma inda dogonku ya yi fawul na biyu. Ba ka faɗi sunan ƙungiyar ba a tambayarka, ka turo min sunan da wasanni ukun da kuka fi shan wuya, in sha Allahu zuwa ƙarshen mako zan duba in gaya maka mutum takwas ɗin da nake gani.