Ga mai son yi wa George Floyd waƙa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, sai yau na samu zama. Kin ce tun da kika kalli bidiyon George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Amurka, abin yake cin ranki, kin zauna rubuta waƙa ya fi sau goma, amma duk wadda kika gama sai ki tarar ba komai cikinta sai tsinuwa da Allah ya isa, ki yage. Kin kuma tambaya ko ma ya dace Bahaushiyar da ke zaune a gida ta yi wa Ba'amurke waƙar makoki. Ni ba malamin adabi ba ne. Tasi nake ja a Bronx, cikin birnin Niyok, tun 1997. Sai dai na daɗe ina taɓa rubutacciyar waƙa, kuma ramin da kika faɗa na kwana cikinsa.

Nawa ya same ni ne a kan Amadou Diallo. Bafillacen Gini ne, ɗan shekara 23, yana kasa kaya a bakin titi a Manhattan, su safa da safar hannu da kaset na bidiyo. Daren 4 ga Fabrairun 1999 yana tsaye a ƙofar gidan da yake haya a titin Wheeler, sai ga 'yan sanda huɗu cikin farin kaya. Ya kai hannu aljihu ya ciro walat. Suka sakar masa harsashi 41, guda 19 suka same shi. Ko wuƙar yanka albasa ba a samu a jikinsa ba. Tsakanin ɗakina da wurin bai fi tafiyar minti goma a mota ba, kuma duk wani ɗan Afirka ta Yamma da ke garin nan a lokacin zai gaya miki abu guda ya faɗo masa a rai: da ni ne fa.

A satin na rubuta baiti talatin. Na kira Fir'auna, na kira Namarudu, na haɗa da Ƙaruna wanda ko kusa ba shi da hannu a zancen. Na karanta wa 'yan uwa bayan sallar isha'i, aka yi ta cewa Allah ya saka, aka watse, ba wanda ya ce in ba shi ya kwafa. Muna sa takalma sai wani dattijo mutumin zangon Kumasi ya dafa ni ya ce, “Malam, na ji 'yan sanda, na ji Fir'auna, to ina yaron?” Na koma gida na duba. Sunan Amadu sau ɗaya ya fito, shi ma don ya cika mini ɗango ne. Ashe zambo na yi ina zaton marsiyya ce, wato waƙar makoki. Makasansa na zauna na yi wa hidima baiti talatin, shi kuwa na bar shi kwance a ƙofa. Ina kyautata zaton abin da ke sa ki yage takardunki ke nan.

Shekara guda ban sake taɓa zancen ba. An ɗauke shari'ar daga Bronx zuwa Albany, a Fabrairun 2000 aka wanke mutanen nan huɗu tas. Bayan hukuncin na tuƙa zuwa titin Wheeler, na ajiye mota na tsaya ina kallon wurin. Ɗan soro ne ƙarami, mutum biyu ba za su gifta juna a sake ba. A nan na daina tunanin azzalumai na koma tunanin walat, don ni ma tun ranar ba na barin tawa a aljihu in ina tuƙi, gaban mota nake ajiye ta inda kowa zai gani. Ga yadda ta biyun ta fara:

Amadu ya kai hannu cikin aljihu,
Walat ya ciro, ba makami ba.
Arba'in da ɗaya suka ba shi amsa,
Ba su ko tsaya jin sunansa ba.
Uwa tana Gini tana jiran waya,
Ba ta san gawa za ta zo ɗauka ba.

Ba na cewa ta yi wani kyau na a zo a gani, masana kari za su sami abin gyara. Amma da na rera ta, wani mai gadin shago da ban taɓa ganin ya yi ko tsaki ba ya rufe fuska da hularsa. Babu zagi ko ɗaya cikinta, kuma ta fi ta farko zafi nesa ba kusa ba.

To ki nemi walat ɗin George Floyd. Ki ajiye manyan kalmomin nan, wariyar launin fata, zalunci, danniya, mai karatu ya san su tun kafin ki ɗauki biro. Ki dubi abin da ya faru a Minneapolis ranar 25 ga Mayun 2020 da idon mai tsintar tsakuwa cikin shinkafa. A kan takardar dala 20 da aka ce jabu ce aka kama shi. Mutum ne ɗan shekara 46, ƙato, yana kwance a kwalta yana kiran mama, alhali mahaifiyar tasa ta rasu shekara biyu kafin nan. Akwai yarinya 'yar shekara 17, Darnella Frazier, da ta tsaya da waya a hannu ba ta sauke ba, wadda ba don ita ba da wuya Derek Chauvin, ɗan sandan da ya danne shi, ya ga ɗaurin shekara 22 da rabi. Akwai minti 9 da daƙiƙa 29 da gwiwa ta yi a kan wuya. Ki sa agogo gabanki ki zauna shiru tsawon wannan lokaci, za ki sha mamakin yadda yake da tsawo. Ɗaya daga ciki za ki ɗauka, ba duka ba. Da ni ne, kiran mama zan kama, don babu Bahaushen da bai san “wayyo inna” ba.

Wannan kuma ba sabon abu ba ne a wurinmu. In kika duba marsiyyoyin Nana Asma'u, irin wadda ta yi wa ɗan uwanta Muhammadu Bello da wadda ta yi wa mijinta Giɗaɗo, halayen mamacin take lissafawa, abin da yake yi wa mutane da gurbin da ya bari. Mamaci ne mai gida a marsiyya, kowa baƙo ne.

Batun tsari, ina ba ki shawarar ƙwar biyu, wato baiti mai layi biyu. Ƙwar biyar tana da daɗin rerawa, amma takan tilasta wa mutum ciko, kuma da ciko ya shigo, Fir'auna na biye da shi. Ki zaɓi amsa-amo mai sauƙi ki riƙe shi har ƙarshe. Kada ki janyo kalmar Larabcin da ba kya faɗa a gida don kawai amsa-amo ya zauna. Wasu matasa na cewa kari da amsa-amo takura ne, baƙin ciki ba ya son awo. Ni akasin haka na gani. Ranar da zuciya ke tafasa, ƙirga gaɓoɓin nan ne ke riƙe mini hannu, kamar yadda tasbaha ke riƙe mai zaman makoki. Ki rera da baki kafin ki yarda da abin da ke takarda. Inda numfashinki ya sarƙe, a nan gyara yake.

Sai tambayarki ta biyu. Ya dace, amma ki tsaya inda Allah ya ajiye ki. Kada ki ari bakin baƙaƙen Amurka ki ce “mu da aka bautar a gonakin auduga”, ba a bautar da ke a can ba, kuma mai karatu zai ji ƙaryar. Ki rubuta a matsayin wadda ke zaune a tsakar gida da waya a hannu, ta kalli mutum yana mutuwa, ta kasa cin tuwon dare. Wannan gaskiyarki ce, ta kuma isa waƙa. Ina faɗar haka da kunya, don mu 'yan Afirka da muka zo nan mun daɗe muna ɗaukar abin kamar rigimar baƙaƙen Amurka ce su da ƙasarsu, mu neman kuɗi ya kawo mu. Har gargaɗin 'ya'yanmu muke yi kada su yi shiga irin tasu. Harsashin titin Wheeler bai tambayi Amadu fasfo ba.

Na san wani zai taso da cewa Floyd ba Musulmi ba ne. Hukuncin addu'a ki kai wa malamai, ba fagena ba ne. Amma cewa an zalunci bawan Allah, an raba 'yar shekara shida da ubanta, ban ga abin da zai hana a faɗe shi da waƙa ba.

Abu ɗaya da zan roƙe ki: ki sassauta wajen siffanta gawa da fitar rai. A 1955 da aka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14, a Mississippi, mahaifiyarsa ce ta ce a bar akwatinsa buɗe a Chicago duniya ta ga abin da aka yi wa ɗanta. Ita uwa ce, tana da wannan haƙƙin. Ni da ke ba mu da shi, kuma dangin Floyd suna raye. A waƙata ta farko na yi baiti huɗu ina ƙirga raunuka, yanzu ko ni ba na iya karanta su.

Waɗanda kika yage, in akwai sauran guntayensu kada ki zubar, wani lokaci ɗango ɗaya mai rai yakan ɓuya cikin tsinuwar. Ki turo baiti ukun farko na sabuwar in gani. Ranar Lahadi ba na fita aiki sai bayan la'asar.