Korar ƙanenka a Abijan: kada ya shigo mota tukuna

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kawo sauƙi. Abin da na fahimta a tambayarka: ƙanenka ya shekara 7 yana aiki da wani kamfanin gadi a Abijan, albashinsa jika 90 a wata, babban masu gadin ya ce masa da baki kada ya ƙara zuwa, yana bin su kuɗin wata biyu, yanzu kuma sun miƙo jika 150 ya sa hannu a rabu. Ku nan Tawa kuna ganin ya karɓa ya taho tun da damina ta kusa.

Ka ce masa ya dakata. Kada ya sa hannu, kada ya yanki tikiti. Yawancin ƴan bidarmu da ke asarar haƙƙinsu a Kodebuwa ba doka ce ta hana su ba, sati na farko ne suke ɓata lamarin da kansu. Dokar aiki ta ƙasar, ta 20 ga Yuli 2015, ta shafi duk ma'aikaci, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Kasancewarsa ɗan Nijar bai rage masa ko dala ba, kuma fitar ƙasarmu daga CEDEAO bai goge gumin da ya zuba ba.

Babban haɗari shi ne korar baki. A doka, wanda zai sallami ma'aikaci sai ya ba shi takarda, ya rubuta dalili a ciki. In aka ce maka "tafi gida" ka tafi ka zauna, bayan kwana kaɗan sai kamfanin ya kira ma'aikacin shari'ar nan da ake ce wa huissier, ya zo ya rubuta cewa ba a gan ka bakin aiki ba. Shi ke nan, a takarda kai ne ka gudu ka bar aiki, kuɗin gargaɗi da na sallama duk sun tafi. Don haka gobe da safe ya saka kakinsa ya je wurin aiki a kan lokaci, tare da mutum ɗaya da zai iya ba da shaida. In sun tare shi a ƙofa, kada ya yi cacar baki. Ya sa a rubuta masa wasiƙa gajera da Faransanci: ranar kaza wane ya ce kada in zo, na zo ranar kaza an hana ni shiga, ina jiran a mayar da ni ko a ba ni takardar sallama. Kofi biyu. Ya ba sakatariya ɗaya, ta buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayar ta mayar masa. In ta ƙi karɓa, ya biya huissier ya kai, ko ya wuce ofishin sufeton aiki a ranar. Kuma wasiƙar kamfanin gadin za a kai wa, wanda ke biyansa, ba mai kantin da aka ajiye shi a ƙofarsa ba. Mutane da yawa suna ɓata makonni suna rigima da wanda ba shi ya ɗauke su ba.

In sun ce laifi ya yi, akwai hanyar da doka ta shimfiɗa. Kafin a hukunta ma'aikaci sai an ba shi takardar neman bayani, yana da awa 72 ya amsa. Ya amsa, kada ya yi shiru don fushi, kada kuma ya rubuta "ku yi haƙuri na yi kuskure" don neman sassauci a kan abin da bai yi ba. Kamfani yana son ya ce babban laifi ne, domin da shi kaɗai ake kora ba gargaɗi ba kuɗin sallama. Amma faɗa ba tabbatarwa ba ce, alƙali ne ke auna girman laifi.

Ga lissafin, don ku ga abin da jika 150 ɗin nan take son sayewa. Ƙaramin ma'aikaci mai albashin wata, wa'adin gargaɗinsa wata ɗaya ne har zuwa shekara 6, wata biyu daga 6 zuwa 11, wata uku daga 11 zuwa 16, wata huɗu in ya wuce haka. Shi da ke da shekara 7, wata biyu ne. In ba su bar shi ya yi aikin watannin ba, sai su biya kuɗinsu: jika 180. Kuɗin sallama kuma ana ɗaukar matsakaicin albashin watanni 12 na ƙarshe, a ba shi kashi 30 cikin ɗari a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, kashi 35 daga ta shida zuwa ta goma, kashi 40 bayan nan. Shekara biyar sau 27,000 ya ba da 135,000, shekara biyu sau 31,500 ya ba da 63,000, jimla jika 198. Ƙara bashin wata biyu, jika 180. An kai jika 558, ba a ma taɓo sauran ba.

Sauran kuwa ba ƙanana ba ne. Hutun da bai ci ba, ana tara kwana 2.2 a kowane wata, wanda ya shekara bai huta ba yana bin kusan albashin wata guda. Kuɗin ƙarshen shekara, gwargwadon watannin da ya yi. Kuɗin mota, jika 30 a wata a Abijan, ya duba ko suna ba shi daban ko sun cusa shi cikin jika 90 ɗin. Wannan yana da muhimmanci, domin tun Janairun 2023 mafi ƙarancin albashi jika 75 ne, kuma kuɗin mota ba ya cikinsa. In an cusa, to albashin nasa jika 60 ke nan, yana bin cikon kowane wata. Akwai kuma ƙarin daɗewa a aiki, kashi 2 cikin ɗari bayan shekara biyu, sannan ɗaya-ɗaya kowace shekara. In alƙali ya ga korar ba ta da hujja, diyya albashin wata ɗaya ce a kan kowace shekara, ba ta gaza wata uku, ba ta wuce 20. Wannan ta ƙarshe kada ku sa ta a lissafin buhun hatsi, sai an yi shari'a an ci.

Duk wannan takarda ke tsayar da shi. Ya tattara abin da yake da shi yau: takardun albashi ko da uku ne, katin aiki, kwangila in akwai, lambar CNPS (asusun fansho da kariyar ma'aikata na ƙasar), hotonsa da kaki a bakin aiki, saƙonnin WhatsApp da babban nasu ke turo jadawalin dare da rana. In ta Wave ko Orange Money ake biyansa, ya fitar da tarihin shigar kuɗin, wannan shaida ce mai kyau ga wanda ba a taɓa ba takardar albashi. Rashin rubutacciyar kwangila ba shi ya cuta ba: kwangila mai wa'adi sai an rubuta ta, kuma ba ta wuce shekara biyu, don haka wanda ya shekara 7 ma'aikacin dindindin ne. Abin da ya fi karya mutanenmu shi ne suna. A katin ofishin jakadanci an rubuta iri ɗaya, a takardar albashi wani iri, wani ma da katin ɗan ɗakinsu ya shiga aikin. In akwai irin wannan, ya faɗa wa wanda zai taimake shi tun farko, kada a ji shi a gaban sufeto.

Ya kuma leƙa CNPS ya tambaya ko an yi masa rajista. Ana yankar kashi 6.3 cikin ɗari na albashi don fansho, kuma akwai kamfanonin da ke yanka ba sa kaiwa. Ranar rabuwa wajibi ne su ba shi takardar shaidar aiki da takardar jerin albashinsa ta CNPS. Rashin bayarwa ma ana neman diyya a kansa.

Daga nan sai ofishin sufeton aiki na unguwar da wurin aikin yake, Yopugon ne ko Kumasi ko Ajame, ba na inda yake kwana ba. Ba a tsallake shi a tafi kotu. Zai kai kokensa a rubuce, a ba shi sammaci ya kai wa kamfanin. Ranar zama, ga sufeto a bayan tebur da na'urar lissafi, ga wakilin kamfani da fayil, ana bin haƙƙoƙin ɗaya bayan ɗaya da Faransanci mai sauri. Wanda Faransancinsa na kasuwa ne, a nan yake gyaɗa kai a kan abin da bai ji ba. Ya tafi da mai karatu, ko wakilin ma'aikata na kamfanin, ko mutumin sandika (ƙungiyar ƙwadago), kuma ya riƙe lissafinsa a rubuce, kowane haƙƙi da layinsa. Abin da aka daidaita a gaban sufeto aka sa hannu ya zauna, ba a dawowa kansa. Takardar "na karɓi duk haƙƙina" da ake sa mutum hannu a ofishin kamfani, doka ba ta ɗauke ta a matsayin yafe saura ba, amma tana jawo jayayya, gara kada a sa. In yunwa ta matsa ya karɓi jika 150 ɗin, ya rubuta da hannunsa kusa da sa hannun cewa wani ɓangare ne na bashin albashi.

In sun yarda za su biya kashi-kashi, a rubuta adadi da ranar kowane biya a takardar sulhun. "Ƙarshen wata in sha Allahu" ba rana ba ce. In ba a daidaita ba, ya karɓi takardar rashin sulhu ya kai kotun ma'aikata. Shigar da ƙara a can kyauta ne, sai dai ana ɗage zama, watanni suna tafiya, kamfanin ma da wannan gajiyar yake lissafi. A ganina, in a gaban sufeto suka kawo bashin albashi da kuɗin gargaɗi da na sallama cif, a hannu, ya karɓa ya bar zancen diyya. In sun tsaya a rabin haka, ya wuce kotu.

Masu karatu da ƴan'uwansu ke Libiya ko Aljeriya ko Saudiyya, kada ku ɗauki alƙaluman nan ku kai can, na Kodebuwa ne kaɗai.

Maganar noma kuma, ku nemi wanda zai kama masa gonar bana. Neman bashin albashi yana da wa'adin shekara biyu, amma tun kafin nan shaidu sun watse, wani kamfanin ma ya sake suna. In dole sai ya zo, ya fara shigar da koken, ya karɓi takardar da ke nuna ya shigar, ya bar wakilci a rubuce ga lauya ko mutumin sandika, ya bar layin wayarsa na can a buɗe, asalin takardun kuma ya taho da su, kofi kawai zai bari.