Tambayoyin Masu Karatu: Tambarin ruwa a kan takardun da ake turawa ta waya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a nan Damagaram. Na shirya takardun bitar jarrabawar bak, na mai da su PDF, ina tura wa ɗalibi ta WhatsApp idan ya biya jaka biyu. Kafin wata ya zagayo sai na tarar da su a wani shagon fotokofi ana sayarwa, an cire shafin farko mai ɗauke da sunana. Wani abokin aiki ya ba ni shawarar in sa musu tambarin ruwa. Shin wannan zai hana a kwafe su, kuma doka za ta tsaya mini? Daga wani malami a unguwar Birni.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya mayar da alheri. Tambarin ruwa, wato rubutu ko alama mai dishi-dishi da ake shimfiɗawa a bayan rubutun shafi, ba zai hana kowa kwafar takardunka ba, domin duk abin da ya fito a fuskar waya ana iya ɗaukar hotonsa ko a buga shi. Aikinsa irin na shaidar da makiyaya ke ɗana wa raƙumi ne da wuta: ba ta tsare ɓarawo, amma tana wahalar da shi ranar kasuwa, tana kuma sa a san inda za a mayar da dabbar.

Dabarar ta daɗe. Masu yin takarda a garin Fabiriyano na ƙasar Italiya ne suka fara ta wajen shekarar 1282, inda suke ɗinka siririn ƙarfe a jikin rariyar da ake tace kwaɓin da ake yin takarda da shi, sai wurin ya fito da rashin kauri, alamar ta bayyana idan an ɗaga takardar ga haske. Idan ka ɗaga takardar jaka goma ta sefa ka fuskanci rana da ita za ka ga irin wannan hoto a cikinta. Wancan tambarin a jikin takardar yake, shi ya sa injin fotokofi ba ya iya ɗaukarsa yadda yake. Na kwamfuta kuwa sau da yawa ɗora shi kawai ake yi, kuma abin da aka ɗora ana iya sauke shi.

A nan ne mutane da dama ke yin asara ba tare da sun sani ba. A manhajar Word ta Faransanci, wadda ita ce a yawancin ofisoshinmu, akwai maɓallin da aka rubuta wa Filigrane, kuma a ƙarƙashinsa akwai umurnin cire tambarin, don haka wanda ka tura wa takarda a tsarin Word zai iya goge sunanka da dannawa ɗaya. Ko a PDF ma tambarin yakan zauna daban da rubutun, mai manhajar gyaran PDF zai iya zare shi. Abin da ya fi ƙarfi shi ne bayan ka sa tambarin ka mai da kowane shafi hoto, sannan ka haɗa hotunan su zama PDF guda, ta yadda rubutu da tambari suka narke wuri ɗaya. Sai dai takardar za ta ƙara nauyi, ta ci wa ɗalibai mega wajen saukewa, kuma ba za a iya neman kalma a cikinta ba.

Wurin da aka sa shi ma abin lura ne. Wanda ya cire shafinka na farko ba zai sha wahalar yanke gefen shafi ba, saboda haka tambarin ya ratsa tsakiyar kowane shafi a karkace, ya bi ta kan rubutun kansa. Kafin ka tura wa kowa, buga shafi ɗaya ka kai shi fotokofin baƙi da fari ka duba sakamakon da idonka. Tambari mai haske da yawa yakan ɓace a injin da tawadarsa ta yi ƙasa, mai duhu da yawa kuma yakan haɗiye ƙananan alamomi, kuma a lissafi idan alamar ragewa ko ƙaramar lambar da ke saman harafi ta ɓata, ka koyar da yaro kuskure da hannunka.

A ganina, sunanka kaɗai ba shi ne zai rage yawon takardun ba, domin ɗalibin da ya tura wa abokinsa bai damu da a san ko wa ya rubuta ba. Abin da ke sa mutum ya yi tunani sau biyu shi ne ya ga nasa sunan a kowane shafi. Ka sa sunan mai saye da lambobi huɗu na ƙarshen wayarsa a cikin tambarin, kowa da nasa kwafin. Masu ba da kyautar fina-finai ta Oscar a Amurka sun yi amfani da wannan hanya, kuma a shekarar 2004 sun kori wani ɗan ƙungiyarsu bayan an bi sawun faya-fayen da suka bazu a intanet aka gano nasa kwafin ne. Aikin zai ɗauke maka lokaci idan masu saye sun yi yawa, amma shi ne mai tasiri. Kada ka rubuta cikakkiyar lambar waya, musamman ta ɗalibai mata, tunda ka riga ka san takardar na iya shiga hannun da ba ka sani ba. Haka nan idan sunan yaro ya fito a kwafin da ya bazu, ka kira shi gefe ka ji ta bakinsa kafin ka tozarta shi a gaban aji, domin a gidaje da yawa waya ɗaya ce ke zagayawa tsakanin wa da ƙane.

Akwai kuma alamar ɓoye da ba ta buƙatar wata manhaja: ka canza lamba ɗaya a cikin wani misali ga kowane aji ko kowace makaranta, ka rubuta a littafinka wanda ya karɓi wanne. Irin wannan tana tsira ko da an sake buga takardar daga farko.

Game da doka, Nijar na cikin yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ta tanadi cewa haƙƙin marubuci yana tabbata daga lokacin da ya rubuta aikinsa, ba sai ya yi rajista ba. Tana kuma cikin OAPI, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai kare haƙƙin mallakar fasaha, mai mazauni a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, sannan a cikin gida akwai hukumar BNDA mai kula da haƙƙin marubuta da mawaƙa, inda za ka iya neman bayani. Amma tambari shi kaɗai ba hujjar mallaka ba ce, tunda kowa na iya ɗora sunansa a kan aikin wani. Hujjarka ita ce rubutun hannunka na farko, da tsoffin kwafin da ke cikin kwamfutarka, da saƙon imel mai kwanan wata da ka tura wa kanka. Ka kuma tuna cewa tambayoyin jarrabawar shekarun baya ba naka ba ne; bayanin da warwarar da ka yi su ne naka. Kafin maganar hukuma, ka ɗauki wani dattijo daga cikin abokan aikinka ku je wurin mai shagon da asalin takardun a hannu, domin yana yiwuwa kawo masa aka yi bai san mai su ba.

Tambaya: An nemi in tura hoton katin shaidata ta WhatsApp don neman aiki, ina tsoron a yi wani abu da shi da sunana. Daga wata mai karatu a Sabon Gari.

Amsa: Tsoronki yana kan hanya, Malama, domin da kwafin kati ana iya ƙoƙarin buɗe layin waya ko karɓar bashi da sunan mutum. Kafin ki tura, ki buɗe hoton a wayarki ki rubuta a kansa a karkace sunan wurin da kike nema, da dalilin turawa, da kwanan wata, rubutun ya ratsa tsakiyar katin ya taɓa gefen hotonki, ba tare da ya rufe fuska ko lambar katin ba. Kwafin da aka rubuta wa haka yana da wuyar shiga wani ofishi daban. Idan kuwa kwafin da hukuma ta buga wa hatimi suke so, ki tambaye su tukuna ko za su karɓi mai rubutu a kai, in ba haka ba ki kai musu takardar hannu da hannu.