Na'urorina biyu sun ƙi jituwa kan lokaci

TAMBAYA: Salamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a fannin lantarki. Ina haɗa na'urar da za ta riƙa rubuta lokacin da wuta ta ɗauke ko ta dawo a unguwanni daban-daban, da 'yar kwamfutar Raspberry Pi da ɗan GPS ƙirar NEO-6M. Manhajar Python ce ke karanto lokaci daga GPS ɗin. Amma na ajiye guda biyu gefe da gefe, sai ga shi suna saɓawa da milisakan masu yawa. Ko sai na rubuta direba na kaina? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Aikinka ya burge ni, kuma a yanzu ba ka buƙatar sabon direba, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'ura. Wayar da kake saurare ce ba ita ba.

GPS ɗinka yana magana ta hanya biyu. Akwai rubutun NMEA, wato layukan bayanin lokaci da wuri, da yake turowa a gudun bit 9600 a sakan, inda harafi guda ke cin kusan milisakan 1. Kafin layi mai haruffa 70 ya gama isowa, sakan ɗin da yake ba da labari ya yi nisa. Sannan akwai PPS, bugu ɗaya tak a farkon kowane sakan, wanda kamfanin u-blox mai ƙera NEO-6M ya ce kuskurensa wajen nanosakan 30 ne. Kamar ƙararrawar makaranta yake: bugun ya ce yanzu, rubutun kuma ya faɗi ko ƙarfe nawa ne. Dole ka haɗa su biyun. A yawancin allunan NEO-6M masu araha ba a fitar da ƙafar PPS ba, tana can jikin 'yar fitilar da ke ƙiftawa, sai ka yi solda a wurin.

Kai wayar PPS ɗin zuwa GPIO18, wato ƙafa ta 12 a jikin Pi, ka sa layin dtoverlay=pps-gpio a config.txt. Za ka ga /dev/pps0 ya bayyana. Gwada shi da manhajar ppstest, sannan ka bar chrony, manhajar daidaita agogo, ya saita agogon Pi da shi.

Amma ina so ka buɗe direban pps-gpio ka karanta, domin gajere ne kuma ya fi lacca. Da zarar bugu ya shigo ya katse wa firosesa aiki, abu na farko da direban ke yi shi ne ɗaukar lokaci da pps_get_ts. Ba ya buga saƙo, ba ya lissafi, ba ya jiran kowa. Sai ya riƙe lokacin a hannu tukuna ya miƙa shi sama ta tsarin RFC 2783, ƙa'idar mu'amala da PPS ta shekarar 2000, wanda Rodolfo Giometti ya shigar cikin Linux. Na sha duba ayyukan ɗalibai da suka cusa printk, umarnin buga saƙo, kafin ɗaukar lokaci don su tabbatar abin yana aiki, kuma wannan layin ne ke ɓata musu awon. Abin yana ci mini rai, don aiki ne mai kyau layi ɗaya ya lalata.

Jinkiri a kan kansa ba shi ne abokin gaba ba. In kullum ɗaya yake, sai ka auna ka cire. Wanda ke canzawa daga bugu zuwa bugu shi ne masifa, kuma barcin firosesa da sauya gudunta suna ƙara shi. Kada kuma ka ɗauka PREEMPT_RT, tsarin rage jinkiri da ya shiga Linux 6.12 a 2024, zai warware komai, don yana mayar da yawancin masu amsa katsewa ayyukan da ake tsara wa layi.

'Yan mikrosakan da Pi zai ba ka sun ishe ka. Ranar da ka buƙaci fiye da haka, ɗauki ƙaramin firosesa STM32 mai gudun megahaz 72, ka bar ma'aunin lokacinsa ya cafke bugun da kansa, kusan nanosakan 14 kowane taku.

Fitar da eriyar daga ƙarƙashin rufin kwano. In GPS ya daina ganin sama, kiristal ɗin da ke tafiyar da agogo, in mai kuskuren kashi 20 cikin miliyan ne, zai zame da sakan 1.7 cikin awa 24, zafin bazara kuma yana ƙara karkatar da shi. Ka sa manhajarka ta yi wa duk abin da ta rubuta a irin wannan lokaci alama.