George Orwell: Duba ya yi, ko aikin farfaganda aka ba shi?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Na karanta Gandun Dabbobi tun muna sakandare. Yanzu kuma duk lokacin da aka yi zancen gwamnati na leƙen asirin jama'a sai in ji an ambaci wani littafin marubucin, 1984. Wani abokina ya ce hasashen zamaninmu ya yi, wani kuma ya ce ɗan koren Turawan Yamma ne da aka sa ya ɓata gurguzu. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abokan naka kowanne ya kama wani gefe, amma a ganina duka biyun sun bar asalin maganar. Orwell abin da idonsa ya gani ya rubuta, kuma rayuwarsa ce shaida.

Sunansa na yanka Eric Arthur Blair. An haife shi a 1903 a garin Motihari na Indiya, inda mahaifinsa ke yi wa gwamnatin mulkin mallaka aiki. Ya yi karatu a Eton, makarantar 'ya'yan manya a Ingila, daga nan ya shiga aikin ɗan sandan mulkin mallaka a ƙasar Bama (Myanmar ta yau) daga 1922 zuwa 1927. Ka ga tun yana matashi shi ne mai riƙe da kulki. Aikin ya ishe shi, ya ajiye, ya koma zama cikin talakawa a Landan da Faris, har wankin kwanuka ya yi a otal.

Amma abin da ya juya shi gaba ɗaya yaƙin basasar Sifen ne. A ƙarshen 1936 ya tafi don yaƙar sojojin Janar Franco, jagoran sojojin da suka yi wa gwamnatin Sifen tawaye, ya shiga rundunar wata ƙaramar jam'iyyar 'yan gurguzu mai suna POUM. A watan Mayun 1937 harsashi ya ratsa masa wuya, Allah ya yi da sauran kwana. Bai gama jinya ba 'yan kwaminis masu biyayya ga Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, suka juya wa POUM baya, aka haramta ta, aka shiga kama mutanenta ana ce musu munafukai 'yan leƙen asirin Franco. Mutanen da ya kwana da su a rami guda, ya ga an harbe su a fagen daga, su ne jaridu ke kira maciya amana. Da ƙyar shi da matarsa Eileen suka tsallake zuwa Faransa. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yadda ya ga jarida na ba da labarin faɗan da ba a yi ba, ta yi shiru kan wanda aka yi, kuma masu ilimi a Landan su gaskata.

Wannan tabon ne ya haifi 1984. Jarumin littafin, Winston Smith, ma'aikaci ne a Ma'aikatar Gaskiya, kuma aikinsa gyara tsofaffin jaridu don su dace da abin da jam'iyya mai mulki ke faɗa yau. Yana gamawa sai ya jefa ta asalin a wani rami da ke kai ta wuta. Akwai wurin da har gobe nake jin sa a jikina: an rage rabon cakulan daga giram 30 zuwa 20, washegari aka sanar cewa jama'a sun fito suna gode wa Babban Yaya, wato shugaban jam'iyyar, da ya ƙara shi zuwa 20. Winston ya duba mutanen da ke kewaye da shi, ya ga sun haɗiye maganar ba ko tari. Mutane sun fi tuna allon da ke bangon kowane ɗaki yana kallon mai ɗakin, amma ni a wurina wannan ya fi ban tsoro, a raba mutum da abin da ya sani jiya. Shi ya sa jam'iyyar ke rage kalmomin harshe shekara bayan shekara, don a wayi gari mai son yin tawaye ya rasa kalmar da zai yi tunanin da ita. A ƙarshe ma ba kashe Winston suka fara yi ba, azabtar da shi suka yi har ya yarda biyu da biyu biyar ne, ya kuma sallama Julia, macen da yake so.

To batun farfaganda fa? A nan abokinka na biyu yana da ɗan abin kamawa. Bayan rasuwar Orwell ƙasashen Yamma sun yi amfani da littattafansa a yaƙin cacar baka, har hukumar CIA ta zuba kuɗi a fim ɗin zane na Gandun Dabbobi da ya fito a 1954. Shi kansa a 1949 ya miƙa wa wani sashe na ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya sunayen mutanen da yake zargi da goyon bayan kwaminis, kuma wannan abu ne da ban ga dalilin wanke shi a kai ba. Sai dai ka lura, lokacin da ya gama Gandun Dabbobi, Tarayyar Sobiyet ƙawar Birtaniya ce a yaƙi da Hitler, don haka kamfanonin ɗab'i da dama suka ƙi littafin, sai a watan Agustan 1945 ya fito. Wanda aka aika ba ya shan wannan wahalar. Kuma har ya mutu yana kiran kansa ɗan gurguzu mai son dimokuraɗiyya.

A tsibirin Jura na Sikotilan ya rubuta 1984, tarin fuka na cin ƙirjinsa, ya buga kwafin ƙarshe da kansa a keken rubutu, galibi yana kan gado. Littafin ya fito a watan Yunin 1949, shi kuma ya rasu a Landan ranar 21 ga Janairun 1950, yana da shekara 46.

Tunda ka riga ka san Gandun Dabbobi, wanda Bala Abdullahi Funtua ya mayar Hausa a 1975, shawarata ita ce kafin ka ɗauki 1984 ka nemi Homage to Catalonia, labarin zamansa a Sifen da ya wallafa a 1938. A can za ka ga inda Ma'aikatar Gaskiya ta samo asali.