Tambaya da Amsa: Wa Ke Yanke Hukunci a Tsibirin Sojoji?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗaliba ce, ina rubuta littafina na farko. Labarin ya faru ne a wani tsibiri da na ƙirƙira na sa masa suna Garkuwa. Sojoji ke mulkinsa tun kaka da kakanni, sauran jama'a masunta ne da manoma. Yayan jarumar masunci ne, an kama shi bisa zargin kashe wani hafsa. Na rubuta cewa an kai shi gaban Janar, Janar ya ce a harbe shi, shi ke nan. Ƙawata ta karanta ta ce abin bai shige ta ba. Yaya ya kamata mulki da shari'a su kasance a irin wannan wuri?
Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ki riƙe ƙawar nan taki da kyau, gaskiya ta gaya miki. Mulkin da ya ga jikoki ba ya tafiya da "a harbe shi" kaɗai. Mai bindigar da ke son daɗewa sai ya nemi alƙali da magatakarda da hatimi, don kisan da zai yi ya fito da kamannin doka.

An taɓa yin tsibiri irin naki a zahiri. Malta ne, a tekun Bahar Rum, kudu da Sisili. A 1530 Sarki Charles na Biyar, mai mulkin Sisili a lokacin, ya miƙa shi ga wata ƙungiyar mayaƙan Kirista ta Saint John, bayan Daular Usmaniyya ta ƙwace musu tsibirin Rodos a 1522. Harajin da aka ɗora musu shaho ɗaya ne a shekara. Sun riƙe wurin har 1798, lokacin da Napoleon ya kore su. Mayaƙan ne ke zaɓen shugaba a tsakaninsu, kuma in an zaɓe shi sai mutuwa. Mutanen gari ba su da ƙuri'a, nasu biyayya da biyan haraji.

Ga abin da zai yi miki amfani. A ɗan wannan tsibiri kotu ba ɗaya ba ce. Akwai ta shugaban mayaƙa a birnin Valletta, akwai ta bishop, akwai kuma ta wakilin Fafaroma mai binciken aƙida a Birgu, kuma ba sa ga maciji da juna. Mai wayo sai ya nemi takardar da ke nuna shi yaron bishop ne ko na wakilin Fafaroma, don kada kotun mayaƙa ta taɓa shi. Wanda ya yi laifi kuwa, in ƙafarsa ta kai shi cikin coci, dogarai ba su da ikon jawo shi. Abin ya yi yawa har aka riƙa manna allon dutse a jikin wasu ƙananan coci-coci ana sanar da cewa nan babu mafaka. Ki dubi wannan allon da kyau. Babi guda ne sukutum: yayan jarumarki ya sheƙo da gudu cikin dare, ya isa ƙofar wurin ibada, sai ya tarar an ɗauke wa wurin alfarmarsa tun makon jiya.

Sai maganar ciki, wadda marubutanmu ke yawan mantawa, kamar soja iska yake ci. Malta ba ta iya ciyar da kanta, alkama daga Sisili ake kawowa. Shugaban mayaƙa ya ƙara kuɗin hatsi, ga kuma dokar hana talaka farautar zomo, sai a 1775 wasu limaman coci suka jagoranci bore. An murƙushe shi nan da nan, amma kin ga inda wutar ta tashi. To wa ke kawo hatsi Garkuwa? Wa ke riƙe da makullin rumbu? Ni a ganina wannan mutumin ya fi Janar ɗinki ban tsoro, kuma ba ki ambace shi ba. Haka nan ki tambayi kanki wa ke ƙasan kowa. A Malta bayi ne, akasarinsu Musulmi da aka kamo a teku, su ke tuƙin jiragen yaƙi.

Batun yadda soja ke sarrafa kotu kuwa, ba sai kin haye teku ba. A 1970 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a shari'ar wani mutum mai suna Lakanmi cewa ƙwace dukiyar da gwamnatin soja ta yi ya saɓa wa tsarin mulki. Gwamnatin Gowon ba ta kama alƙali ko ɗaya ba. Doka ta 28 kawai ta fitar, wadda ta ce babu kotun da ke da hurumin tuhumar dokar soja, hukuncin ya zama banza. A 1984 Doka ta 2 ta ba da damar tsare mutum ba tare da an kai shi kotu ba, Doka ta 20 kuma aka ce ta fara aiki tun kafin ranar da aka sa mata hannu, kuma da ita aka harbe mutum uku a Legas a watan Afrilun 1985 kan safarar miyagun ƙwayoyi. Marubuci Ken Saro-Wiwa da mutum takwas, kotu ta musamman ce ta yanke musu hukunci, babu ɗaukaka ƙara, majalisar mulkin soja ta tabbatar, aka rataye su ranar 10 ga Nuwamban 1995. Duk wannan lokacin kotunan gari na nan suna raba gado, suna sauraren rikicin gona da na bashi, sau da yawa ma cikin adalci. Ƙofa ɗaya ce aka toshe, wadda talaka zai bi ya kai ƙarar mai kaki.

Saboda haka ki ba masuncinki cikakkiyar shari'a. Ki zaunar da hafsoshi biyu da tsohon alƙali guda wanda ya san gaskiya amma yana da 'ya'ya a makarantar soja. Ki ba shi lauya, ƙaramin hafsa ne kuma yana jiran ƙarin girma. A kira shaidu, a rubuta komai, a ba shi ruwa in ya nema. Janar kada ya leƙo zauren ko sau ɗaya. Nasa sa hannu ne, kuma takardar za ta iso teburinsa a tsakanin ta kuɗin alkama da ta gyaran jirgi. Jarumarki tana da kwana uku kafin a kai takardar, kuma magatakardan da zai ɗauka maƙwabcinsu ne, kifin yayanta yake ci bashi.